Sekura 'Yar Arezki da Azurfar da Aka Ɗora Mata a Goshi

Haihuwa da asali

An haifi Sekura 'yar Arezki a shekarar 1912, a lokacin tsinkar zaitun, a ƙauyen Tala Umalu da ke kan duwatsun Kabiliya, a zamanin da Faransawa suke mulkin Aljeriya. Mahaifinta Arezki manomin ɓaure ne da zaitun, mahaifiyarta Fetta kuwa masaƙiya ce da ta yi suna wajen saƙar bargo. Ita ce ta uku a cikin 'ya'yansu, kuma ita kaɗai ce mace.

Karatu

A shekarar 1921 mahaifinta ya kai ta gidan koyon saƙa na wasu matan mishan a ƙauyen da ke hayin kwari, bisa sharaɗin kada a taɓa mata addini. A can ta ƙware a saƙa, ta kuma koyi karatun Faransanci gwargwado. Idan dusar ƙanƙara ta toshe hanya a watannin hunturu, a can take kwana har hanya ta buɗe.

Al'amarin hoto

A bazarar 1926 wani Bature mai ɗaukar hoto ya sauka a gidan koyon saƙar da alfadarai biyu, ɗaya na ɗauke da na'urarsa, ɗayan da akwatin tufafi da kayan ado waɗanda ya tattaro daga ƙabilu daban-daban, domin sana'arsa ita ce sayar wa mutanen ƙasarsa katunan hotunan 'yan ƙasa. Ya zaɓi Sekura saboda tsayinta. Ya rataya a bayanta wani ƙyalle da aka zana wa rairayi da itatuwan dabino, alhali ita ba ta taɓa ganin hamada ba. Ya saɓa mata tulu a kafaɗa, alhali matan dutse a baya suke goyon tulu. Daga ƙarshe ya ɗauko tabzimt, faifan azurfa mai adon murjani, ya ɗaura mata a goshi.

A al'adarmu miji ne yake sa a ƙera wa matarsa tabzimt, kuma ba ta ɗora shi a goshi sai ta haifi ɗa namiji, domin duk wanda ya hango ta ya sani. Sekura ta faɗa masa haka da ɗan Faransancinta. Ya yi dariya, ya ce haske ya fi kama azurfar a goshi, ya umarce ta da kada ta motsa. Da ta kai labari gida, mahaifiyarta ta ce: "Yi shiru, 'yar nan. Takardar Nasara ce, ƙasar Nasara za ta tafi, wa zai gan ta?"

Shekarun zargi

A shekarar 1929 Lunis, saurayin da aka yi musu baiko, wanda yake dako a tashar jiragen ruwa ta Marsel a ƙasar Faransa, ya ga katin a wani shagon taba, an rubuta a ƙasansa "Kyakkyawar 'yar duwatsu," babu suna. Ya sayo shi ya kawo gida. Abin da Turawa suka kalla a matsayin ado, mutanen Tala Umalu sun karanta shi a matsayin shaidar cewa ta haihu ba aure, aka kuma tuna da watannin hunturun da take kwana a hayin kwari. Dangin Lunis suka janye baiko. Arezki ya kai maganar gaban majalisar dattawan ƙauye, ya rantse. Dattawa ba su tabbatar da zargin ba, ba su kuma wanke ta ba, aka tashi a haka.

Sekura ba ta daina zuwa idon ruwa ba ko sau ɗaya. An ruwaito cewa wata tsararta mai suna Juhra ta tare ta a can, ta ce: "Ke Sekura, ina jaririn namu? Ko shi ma ya tafi dako Marsel?" Ta sauke tulunta ta amsa: "Yana can gindin dabinon da kika gani a bayana. Je ki ɗauko shi, ki tsinko mana dabinon."

Aure da haihuwa

Ta zauna a gidan mahaifinta tana saƙa har shekarar 1936, lokacin da Meziyan, mai matsar man zaitun, ya nemi aurenta duk da gargaɗin danginsa. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu, sannan a shekarar 1944 ta haifi ɗa namiji, aka raɗa masa suna Idir. Meziyan ya hau alfadari ya tafi garin maƙera, ya dawo da tabzimt sabo. Ta karɓa, ta yi godiya, ta naɗe shi a ƙyalle ta ajiye a ƙasan akwati. Da ya nuna rashin jin daɗi, ta ce: "Maigida, an riga an ɗora mini na ƙarya a gaban duniya. Ba zan ɗora na gaskiya ba sai an sauke wancan." Matan ƙauye sun fassara goshinta da babu komai yadda suka ga dama, ita kuwa ba ta yi wa kowa bayani ba.

Zamanin yaƙi

A lokacin yaƙin neman 'yanci, a shekarar 1959, aka kashe Meziyan a gonarsa, aka ƙone zaitun ɗin ƙauyen, aka kwashe jama'a zuwa sansanin da sojoji suka kewaye da waya. A can aka sake ɗaukar hotonta domin katin shaida, bayan an tilasta wa mata cire ɗankwali. Duk tsawon zaman sansanin tabzimt yana ɗaure a cikin ɗamararta, kuma ta ƙi sayar da shi ko a lokacin da abincin gidan ya koma garin 'ya'yan itacen daji. Bayan samun 'yanci a shekarar 1962 ta koma Tala Umalu, ta gyara gida da hannunta, ta aurar da 'ya'yanta da abin da saƙa ta kawo.

Shekarun tsufa

A shekarar 1986 jikarta, wadda take karatun tarihi a jami'a kuma ita ce marubuciyar wannan tarihi, ta ci karo da hoton a wani littafi da aka buga a Faransa. A wannan karon masana sun riga sun gano ma'anar tabzimt, don haka suka gyara rubutun ƙasansa ya koma "Matashiyar uwa 'yar Kabiliya, da alamar haihuwar ɗa namiji." Jahilcin mai hoto ya zama ilimi a hannun waɗanda suka gaje shi, kuma babu wanda ya nemi sanin sunanta. An rubuta wa mawallafan, ba su amsa ba har yau.

Da aka karanta wa Sekura rubutun, ta daɗe tana duban yarinyar da ke cikin hoton, sannan ta tambaya ko littafin guda nawa aka buga. Aka ce dubbai. Ta ce: "To, wannan ba zai sauku ba. Sai dai a kafa nawa a gefensa."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ta sa rigarta ta gida, ta goya tulu a baya, ta sa aka kira Idir, wanda a lokacin furfura ta fara fito masa, suka gangara idon ruwa, jikarta na biye da su da na'urar ɗaukar hoto. A gaban matan ƙauye ta kwance ƙyallen, ta ɗaura tabzimt a goshinta da hannunta. Juhra, wadda ta tsufa har tana dogara sanda, ta ce: "Haba Sekura, ai mun san gaskiya tun can." Ta amsa: "Kun sani, Juhra, faɗa ne ba ku yi ba. Matsa, kina tare mini dutsen." Jikarta ta ɗauki hoton, dutsen Jurjura a bayansu, Sekura kuma ta shifta abin da za a rubuta a ƙasansa: sunanta, da sunan mahaifinta, da na mijinta, da na ɗanta, da shekarar haihuwarsa. Daga ranar ba ta sake fita ba tare da shi ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a watan Janairun 1991, tana da shekara saba'in da takwas, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi mata salla a dandalin ƙauye, aka binne ta kusa da Meziyan a maƙabartar Tala Umalu. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Ta rasu ta bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya uku: Zahwa, wadda aka haifa a 1938, Feruja, a 1941, da Idir, a 1944. Ba ta haifi kowa kafin waɗannan ba.