Kiran da Ban Amsa Ba

Wane ne ya tsaya a ƙofar bukkarmu a ranar nan ya kira ni? Mijina ne da ransa da jininsa, ko kuwa wani abu ne ya ari muryarsa? Na tambayi malamai, na tambayi tsofaffi, yau ga shi ni ce tsohuwar, kuma har yanzu ban samu amsa ba. Haƙorana sun zube, idona ya dushe, sunayen jikokina ma haɗa su nake yi, amma wannan rana ba za ta fita daga raina ba sai an sa ni a ƙasa. Ni ban yi karatu ba, jikata ce take rubutawa ina faɗa. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya jirana, ta ci gaba da abin da take yi.

A ƙafa muka baro ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, ni da maigidana, ina amarya. Wanzami ne. Zabirarsa ce gonarmu, duk garin da muka sauka sai ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, ya yi aski, ya yi ƙaho, mu samu na abinci da na gaba. Mutum ne mai barkwanci, ko yana tsaga bayan mutum sai ya sa shi dariya. Akwai wani suna da ya laƙaba mini tun a hanya, shi kaɗai yake kirana da shi. Ba zan faɗe shi ba, ko 'yata ba ta san shi ba.

Shekaru muka yi kafin mu kai Bur Sudan, bakin teku. A can na samu aikin wanki a gidan wata tsohuwa 'yar ƙasar Girka, ɗanta yana da kanti. Baƙaƙen kaya kawai take sawa, tana son hira, da guntun Larabcinta da guntun nawa muke fahimtar juna. Wata rana ta leƙo ta taga ta ga maigidana a bayan kanti ya kafa wa wani mutum ƙaho, yana zuƙa da bakinsa, ya cire ya zubar da baƙin jini a rami. Ta ja ni ciki ta zaunar da ni.

Ta ce a tsibirinsu, tun zamanin kakannin kakanninsu, tun kafin zuwan Annabi Isa, an san cewa mamacin da ba a binne ba ba ya samun kwanciya. Musamman wanda teku ta ci. Tashi yake yi ya nemi hanyar gida, ko da dare ko da rana tsaka lokacin da gari ya yi tsit. Ya tsaya a ƙofa ya kira sunan nasa. Wanda ya amsa, to, ya buɗe masa hanya, zai riƙa shan jininsa yana ramewa har ya bi shi. Kuma da 'yan gidansa yake farawa, ƙananan su ne na farko.

"Amma ba ya iya kira sau biyu," in ji ta, ta ɗaga mini yatsa. "Shi ya sa a garinmu ba mai amsa kiran farko. Mai rai zai sake kira."

Abin ya shige ni, domin kakata ma ta sha gaya mana kada mu amsa kira in ba mu ga mai kiran ba, da haka mayu suke kama kurwar mutum. Na ce a raina, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, ba addini ɗaya ba, ba harshe ɗaya ba, su faɗi abu guda, ai da gaskiya a ciki.

Da na ba maigida labari yana wasa askarsa, dariya ya yi har ya ajiye dutsen. "To ni da nake zuƙe jini in tofar, ai na ƙoshi tun a duniya. Ki kwantar da hankalinki, in na mutu na dawo, zan yi ta kiranki har maƙwabta su fito su kore ni."

Na ce, "Don Allah bar irin wannan magana, ka ga halin da nake ciki." Lokacin ina da ciki, na fari.

Ba mu da takardu, don haka ba babban jirgi muka shiga ba. Masu ƙananan jiragen katako ne suke tsallakar da irinmu a ɓoye. Da aka zo lodi sai suka raba mu, mata a ɗaya, maza a ɗaya. Namu ya iso, aka zubar da mu a wani bakin gaɓa, muka tako har Jidda. Nasu bai iso ba. Bayan wani lokaci wani mutumin Katagum da yake cikinsu ya ɓullo, ƙafafunsa duk sun tsage. Ya ce jirginsu ya daki dutse a cikin ruwa ya rabe. Ya rantse da idonsa ya ga wanzami ya nutse, zabirarsa a wuya. Aka yi masa sallar gawa ba gawa, na shiga takaba.

Wata dattijuwa ce ta ɗauke ni, kowa Hajja yake ce mata. A Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo hajji suka zauna, Hausarta rabi Larabci ce. Tana da bukka ta gwangwani da katako a unguwar mutanenmu, tana soya ƙosai da waina ta kai kasuwar Bab Makka. A hannunta na haihu, 'ya mace. Ita ta yi mini wankan jego, da ruwan da ake saye a wurin mai jaki. Ba ni da uwa a ƙasar nan sai ita. A cikin zaman takaba na ba ta labarin tsohuwar nan ta Bur Sudan, ta saurara ba ta yi dariya ba. Ta ce su ma nan sun san teku ba ta riƙe abin da ta ci.

Ranar da abin ya faru yarinyar ta fara zama ke nan. An yi azahar, zafi ya sauko, irin zafin Jidda mai ɗanko da ke sa riga ta manne a jiki. Kowa ya shige yana ƙailula, ko akuya ba ta motsi. Hajja ta kishingiɗa, ni ina tsince wake, yarinya tana barci a gefena. Ƙofarmu buhu ne aka rataya, da wani gwangwani da muke karewa da shi daga ciki.

Sai na ji tafiya, a hankali, kamar mai jan ƙafa. Ta tsaya. Aka kira ni da sunan nan.

Muryarsa ce. Ta dushe, ta bushe, amma ko a cikin kasuwa zan gane ta. Tiren wake ya zame daga cinyata. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai Hajja ta damƙe mini wuyan hannu. Ta matso da bakinta kunnena.

"Uskuti, yi shiru 'yar nan. Ko sallama bai yi ba." Ta nuna mini yarinyar da haɓa.

Na dubi 'yata, jijiyar wuyanta tana bugawa a hankali. Na dubi ƙasan buhu, ina neman inuwar ƙafa, rana tana tsaka ba a ganin inuwar komai. Na ce a raina, ba komai, zai sake kira. Shi da bakinsa ya ce zai yi ta kira. Sau ɗaya kawai ya ƙara in fita a guje ko mayafi babu. Na riƙe numfashina ina jira. Ban taɓa roƙon Allah wani abu kamar yadda na roƙe shi wannan kira na biyu ba.

Ana cikin haka yarinyar ta farka ta fasa kuka. Sannan mai kiran ya yi magana, ba kira ba, magana ce 'yar gajeriya, har da 'yar dariya a cikinta. Zan faɗe ta a ƙarshe, in na faɗa yanzu ba zan iya ƙarasa labarin ba. Bai sake ambaton sunana ba. Na ji jan ƙafar yana nisa har ya ɓace.

Hajja ba ta sake ni ba sai da aka kira la'asar. "Halas, shi ke nan, ya tafi," ta ce, tana tofa mana addu'a ni da yarinyar. Na fita. Iska ta taso daga teku, awaki sun bi ta wurin, ba sawun da za ka ce ga shi. Mai jakin ruwa ya ce shi bai ga kowa ba. Wata tsohuwa mai gyaɗa a bakin lungu ta ce wani ramamme ya tambaye ta ina matar wanzami take, ta nuna masa. Amma ita idonta ɗaya ne, kuma an san ta da ƙarin gishiri.

Sai a lokacin maganarsa ta zauna mini a kai, na gane inda ya nufa. Na saɓa yarinya na kama hanyar Bab Makka, Hajja tana bina tana kira. Na tarar kasuwa a hargitse, tirarruka a ƙasa, takalma warwatse. Askarawa sun zo bayan azahar sun kwashe marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a manyan motoci. Wani Bahaushen Sudan mai sayar da yadi ya ce mini, e, wani mutum mai tsumma ya tsaya yana taya ɗan ƙyalle na goyo, yana cewa zai biya shi da aski a madadin kuɗi. Suna cikin ciniki aka fara gudu.

Na ce, "Yana da zabira a wuya?"

Ya ce, "Ya hajja, ni kaina ta kaina nake yi. Wa ya tsaya duban wuyan wani?"

Ni ma ba ni da takarda, amma na bi har bakin tashar jiragen ruwa, inda ake kai waɗanda aka kama a tsallakar da su, na tsaya daga nesa a bayan shingen waya. Na ga ana shigar da mutane jirgi, kawuna ne kawai baƙaƙe a cikin rana. Na kira shi. Ni da ban taɓa kama sunansa ba tun da aka ɗaura mana aure, ranar na kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba wanda ya waiwayo.

Daga baya na fahimci abin da ya faru, in dai shi ne. A wurinmu mace ba ta nuna ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta yi wa miji maganarsa, kunya ce. Da ya ji kukan jariri ya ji na yi shiru, sai ya ɗauka kunyar ɗan fari ce ta rufe mini baki. Shi yana can yana jin daɗin kunyata, ni ina nan ina tsoron ya sha jinin 'yarsa. Buhu ɗaya ne tsakaninmu.

Na je wurin limamin unguwa. Ya ce matacce ba ya dawowa, wannan tatsuniyar mutanen da ce. Ko dai mijina ne Allah ya kuɓutar da shi, ko kuma aljani ne ya ari murya. Na ce to wanne ne? Ya ce Allah ne masani. Mutumin Katagum kuma har ya rasu bai canja magana ba, ya ce shi ya ga nutsewarsa. Duk shekara in alhazai sun zo ta Sudan sai in bi su ina tambaya ko sun ga wani wanzami mai barkwanci a Bur Sudan ko Sawakin. Wanzamai da yawa, in ji su. Na aika saƙon baki ba iyaka, ko ɗaya bai dawo da amsa ba. In yana da rai, me ya hana shi sake tsallakowa? In kuma ba shi ba ne, ina aljani ya san kunyar ɗan fari?

Hajja ta yi ta neman gafarata har ranar da ta cika. Na ce mata ba ta yi mini komai ba, 'yata ta tsare. Hannuna ta riƙe, ba bakina ba. Manema sun fito, malamai suka ce na halatta, na ce a'a. Ban san ko ni gwauruwa ce ko matar aure ba, kuma ina tsoron ranar da zai zo ya tarar da takalmin wani a ƙofa.

An rushe bukkokin nan tuntuni. Yanzu ina unguwar Aziziyya a gidan 'yata, a bene, ƙofar ƙarfe da ƙararrawa. Jikokina suna yi mini dariya, wai ko yaron maƙwabta ne ya taɓa ƙofa ni ce farkon cewa na'am, tun kafin su tashi. Suna tambayar dalilin da ya sa kullum da azahar nake ajiye kofin ruwa a bakin ƙofa. Yau dai sun ji.

Abin da zan gaya wa duk wanda aka karanta wa wannan shi ne, in an kira ka, ka amsa. Ka yi bisimilla ka leƙa. Rai a hannun Allah yake, ba a hannun mai kira ba. Tsoron matattu bai tsare mini komai ba da na sani, amma mai yiwuwa ya raba ni da mai rai, ya raba yarinya da ubanta tana jin muryarsa.

Rubuta wannan da kyau, kada ki canja ko kalma. Da ya ji kukan, ga abin da ya ce:

"Ashe an sauka lafiya. Kunya ce ta hana ki magana? To, kada ki gaya mini mace ce ko namiji, da idona zan gani. Ba na shigo hannu wofi ba, bari in leƙa kasuwa. Ki ajiye mini ruwan sha, yanzu zan dawo."