Hannun Irshad a Bakin Kabari

Irshad ɗa ne ga Feroz, mai saran rake a garin Labasa, wanda in ya damƙi hannunka a gaisuwa sai ka ji har ƙashi. Ɗan bai gaji wannan ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu Allah Ya jarrabe shi da son wasan bidiyo, ya kwashe wasu shekaru goma sha biyun yatsunsa na kan maɓallan na'ura. Saurayi ne mai ladabi, ba ya wasa da salla. Amma sannu a hankali babban yatsansa na dama ya fara zugi, wuyan hannu ya bi. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce masa bai ji sakinsa ba. Likita ta ce jijiya ce ta gaji, ya huta. Bai huta ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Ranar wata Laraba Feroz ya cika. Aka yi masa sutura, aka sallace shi, aka nufi maƙabarta cikin yayyafi. Al'adar gidansu ita ce babban ɗa ya sauka kabari ya karɓi kan mahaifinsa. Irshad na tafe bayan makara yana gwada dunƙule hannu a aljihu, yatsun na ƙin haɗuwa. Feroz kuwa ƙaƙƙarfan mutum ne mai jiki.

"Sauka mana, sarkin latse-latse," in ji Baffa Nasir, ƙanen mamacin, murya ƙasa-ƙasa. "Yau dai ga aikin hannu ya same ka."

"Baffa, hannuna..."

"Hannunka me? Shekara nawa ubanka ya yi yana ɗaukar ka? Sauka."

Ya sauka, ƙafafunsa suka nutse a taɓo, baffan ya bi shi. Aka miƙo gawar, likkafanin ya jiƙe yana santsi. Nauyin na sauka a tafinsa ya ji yatsun suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kan mahaifinsa na zamewa. Ya durƙusa da sauri, ya tare shi da ƙirji da sangalin hannu, goshinsa a jikin bangon kabarin. Mutanen da ke sama suka zaci baƙin ciki ne ya kayar da shi, suka ɗauki salati.

Baffa Nasir kaɗai ya ga abin da ya faru. Ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗar mamacin, ya ce cikin raɗa, "Kwantar da hankalinka, ɗana, na riƙe. Bismillahi." Suka kwantar da Feroz a gefensa na dama, suka juya fuskarsa alƙibla.