Kwanon Yaya Daban

Shekarar babban fari na baro ɗakina a Mallawa na dawo gidanmu a Dogo-Dogo, don rumbun mijina ya ƙare. A shekarar ne kuma yayana ya dawo hutu daga Faransa. Shi kaɗai ya yi lakwal, wato boko, a gidanmu, kuma bakinsa ba ya shiru.

Wata la'asar na kai ruwa zaure, na tarar yana ba Baba da baffanmu labarin malamansa. Wai rigima suke kan yadda duniya ta fara. Wasu na cewa sama da ƙasa duk daga ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba suka fito. Wasu na cewa ko inda babu komai ba ya zama lafiya, rawa yake yi, daga wannan rawar duniya ta ɓullo haka kawai. Ji fa! Mutane na tafasa ganye su ci, shi yana rawar babu.

Baba ya ce, "To kai, wanne ka kama?"

Yaya ya ce, "Ni dai har yanzu ban sani ba, Baba."

A gidanmu maza kwano ɗaya suke ci, ko baƙo ba a ware masa. Ranar Baba ya leƙo ya ce da ni, "Zuba wa wancan daban."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na samu Yaya na ce, "Haba Yaya, ka je ka ce Allah ne ya yi, a huta mana!" Ya ce ai bai taɓa musun haka ba, tambayar da aka yi masa daban ce, kuma ba zai yi wa Baba ƙarya ba. Taurin kansu iri ɗaya. Salla ba ta wuce shi, amma Baba ba ya ko kallon sahun da yake.

Kafin ruwa ya sauka Baba ya kwanta ciwo. Na yi ta jira ya ce a kira masa Yaya, bai ce ba. Sai ya kira Baffa, ya bar masa wasiyya kada wanda bai san mafarin duniya ba ya taɓa makararsa.

Da ya rasu aka fita da shi, maza duka suka bi. Yaya ya zauna a tsakar gida cikinmu mata, da alwalarsa.