Kwalin Oga Emeka

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na san na yi dogon shiru, har wasu na tambaya ko lafiya. Lafiya lau, tsufa ne da ƙiwar danna waya. Abin da ya fito da ni yau, wata 'yata a nan ta rubuto mini daga gadon asibiti, wai ita ta gama amfani. To gyara kwanciya ki ji nawa, ban taɓa ba da shi ba.

A shekarun da ake bin layin sayen madara da sabulu, ina da injin markaɗe a Kakuri. Ƙararsa ce ke tashin layinmu da safe. Maigidana Malam Sani yana aiki a masaƙa, amma albashi sai ya ga dama yake zuwa, injin nan ne ke riƙe da tukunyarmu.

Da damina abin ya fara. Tafin ƙafata ya riƙa yi kamar na taka auduga, na ce gajiya ce. Ran nan na ɗaga bokitin tattasai, yatsuna suka buɗe da kansu, ya kife. Kafin in ankara, daga ƙugu zuwa ƙasa ba nawa ba ne.

A bayan a-kori-kura aka kai ni asibiti.

An ɗebi jini, an naɗe ni kamar tabarma an zuƙi ruwa a gadon bayana. Kullum da safe likita zai zo da allura yana tsikarin ƙafata yana cewa, "Kin ji?" Ina kallon allurar, amma kamar ƙafar maƙwabciya ake soka. Sai ya sa in ja numfashi yana saurare, don ya ce in ciwon ya hau ƙirji, nan ne hatsarin yake. Na ji tsoro ƙwarai.

"Jijiyoyi ne suka yi barci," in ji shi. "Yawanci sukan farka, amma ba a yi musu gaggawa."

Ni ma sai na bi su barcin. Ban san Talata ba, ban san Juma'a ba. Fanka na juyawa a sama, sai in ga ta zama bel ɗin injina. Ruwa na sauka a kan kwano, sai in ga gadona ya ɗaga ya bi kogin Kaduna a hankali, mata sun jeru a bakin ruwa da robobin wake da tumatir suna miƙo mini, ni kuwa ina wucewa, ba hannun karɓa. Akwai sanyi da daɗi a tafiyar nan, har nakan ji ba na son a tashe ni.

Masu dubiya su tsaya a kaina su ce, "Allah sarki Asabe, a da akwai ƙwazo." Ina jin su sarai, kunnena ai bai shanye ba.

Kuɗin gado da allurai da gashin jijiyoyi suka cinye adashena. Wata rana Malam Sani ya zauna a gefena, kansa a ƙasa, ya ce, "Asabe, an samu mai sayen injin." Hawaye ya riƙa gangarawa cikin kunnena, ba damar sharewa. A raina, ranar da aka sayar da injin nan, an yarda ke nan ba zan tashi ba.

Washegari sai ga Oga Emeka, makanikin da ke yi mini gyara, ɗan Ibo mai shago kusa da mu. Hannunsa duk baƙin mai, da kwalin sabulu a hammata. Na san irin kwalin. Duk ranar da injin ya samu matsala, shi yake ratayawa don mata su san su dawo gobe. Ba na jin Turanci, amma na haddace abin da ke jiki: awut of oda.

Ya ɗaura shi a ƙarfen gadona. Nas ta taso za ta yi faɗa, ta karanta, ta koma tana dariya.

"Madam," ya ce da Hausarsa, "na sa ɗaya a inji. Mai saye ya zo, ya ga kwali, ya ga babu bel, ya tafi. Bel yana shagona."

"Oga Emeka, ai lafiyar injin ƙalau."

"Mai inji ne ba lafiya. Ka ji ni, Madam. Inji da ya kondem ba na ɓata kwali a kansa, bola nake kai shi. Kwali na wanda zai tashi ne."

Sai ga ni ina dariya, rabona da ita tun ina gida. Daga ranar, in gadon ya fara bin ruwa, sai in buɗe ido in nemi kwalin.

Malam Sani kekensa ya sayar, ya koma zuwa masaƙa a ƙafa. Har ya bar duniya bai taɓa yi mini gorin keken nan ba.

Wata safiya allurar likita ta yi zafi, na ce, "Haba likita, mugunta ce?" Ya fi ni murna. Daga nan sai babban yatsa, sai riƙe cokali, sai zama, sai dafa ƙarfe a ɗakin gashi ina kuka ina zagin ƙafafuna. Sai bayan kaka aka sallame ni, da sanda.

Na tarar ruwa ya wanke rubutun kwalin da ke jikin injin. Oga Emeka ya mayar da bel, Malam Sani ya kama hannun tayarwa, sai duk suka tsaya suna kallona. Yatsuna sun daɗe suna fama da ƙullin igiyar kwalin, ba wanda ya taya ni. Da ya kwance aka murza, layinmu ya ɗauki ƙara. Mata suka fito da robobinsu suna miƙowa, wannan karon na karɓa.

Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Malam Sani, Ya saka wa likitan nan da nas-nas ɗinsa. Oga Emeka ya koma garinsu tuni, duk inda yake na gode.

In ƙafa ko hannu ya fara mutuwa, ku tafi asibiti, kada ku tsaya shafe-shafe. In an ce gashi, a jure. Masu dubiya kuma, ku daina yi wa mai rai ta'aziyya a kansa.

Ke kuma 'yata, daga nan na rataya miki kwali. Ba wanda zai taɓa shi, ke za ki kwance da hannunki.