Likitan Gwangwani

A gidanmu na Argungu akwai gwangwanin madara da Inna ke tara ragowar magani a ciki. Duk wanda ya ji sauƙi sai ya daina sha, sauran kafson ya koma gwangwani. Ni na naɗa kaina likitansa. Ko kaza ce ta yi tuntuɓe, sai na fasa kafso na barbaɗa mata garin. Turminmu ma da ya tsage bai tsira ba.

Lokacin dashen shinkafa, manya duk suna fadama, maruru ya fito wa ƙanwata a cinya. Shekararta biyar. Na matse shi da yatsuna, na barbaɗa gari, na ce mata gobe ko babur ɗin kabu-kabu ba zai cim mata ba. Ta yarda, don ba ta taɓa musa mini ba.

Kwana uku, cinyar ta zama kabewa, jikinta kamar garwashi. Mai kemis ya yi mata allura har ta kwana biyar, kamar ruwa yake zubawa. Baba ya kwashe mu sai asibiti a Birnin Kebbi.

Wata likita ta tsaga wurin, ta aika mugunyar gwaji. Da sakamako ya fito ta ce ƙwayar cutar ta saba da irin magungunanmu, ba sa kashe ta, kuma shan rabi-rabi na cikin abin da ke jawo haka. Idan ta kai ƙashi, ƙafar na iya tafiya. Ta tambayi wa ke taɓa ciwon. Inna ta dube ni kawai.

Aka zura mini auduga a hanci, har na ji ta a ƙeya. Ashe ƙwayar a nan take zaune, ba ta yi mini komai. Ni kuwa yatsana ba ya rabuwa da hanci, Inna kan ce rijiya nake gina.

Sati uku ƙanwata ta yi a kwance. Ƙafar ta tsira, amma da rami a cinya, tana ɗingishi. Ni kuma aka ba ni man shafawa a hanci da sabulu, aka ware mini tawul. Inna ta juye gwangwanin a masai, ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.

Ranar da muka dawo, wani mai kabu-kabu ya wuce ƙofar gida. Ƙanwata ta ja rigata.

“Yaya, yau ne zan tsere mishi?”

Na ce ta bari ya sha mai tukuna. Na je na wanke hannu, na goya ta.