Jita ta Biyu a Sunan Audi

Ku da kuke haɗa kayan sauti yanzu kuna yawan tambayata me ya sa ba na yarda a fara gwada sabon kaya a gaban jama'a. Wata rana ce a Kusada ta jawo haka, kuma har yau ba ta fita daga kaina ba.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, kuɗin mai ya shigo, kowane mai biki yana son kiɗan lantarki. Ƙungiyarmu a Kankia take. Lawal ne shugaba, shi ke riƙe da jita ta gaba, mai jan kiɗa. Ƙanensa Sule ke riƙe da ta biyu. Akwai masu ganga biyu. Ni Mamman, mai waya ake ce mini: in tada janareta, in haɗa lasifika, in daidaita sauti. Ban yi makaranta ba. Kunne gare ni.

'Yan'uwan nan abu ɗaya suke kaɗawa tare. Sai dai kullum Sule yana bayan wansa da ɗan kaɗan, kamar mai taka sawun wani, kuma tsirkiyarsa ba ta taɓa zama daidai cif. Lawal ya yi faɗa har ya gaji. Amma wannan 'yar ratar ce ke cika sautinmu. Sule kuma yana da wata ɗabi'a: in kiɗa ya ƙare kowa ya tsaya, sai ya ƙara taɓa tsirkiya sau biyu, tin, tin, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Shekara tara ina jin haka.

Da damina motarmu ta kife a hanyar Kunduru. Ni ƙafata ta karye. Sule bai tashi ba. Mutanen wurin suka yi masa sutura a ranar, kafin labari ya kai gidansu a Kusada. Mahaifiyarsu, Inna, makauniya ce. Ba ta shafa fuskarsa ba, don haka ta ce bai mutu ba. Ba ta yi kuka ba. Kullum sai ta sa a ajiye masa tuwo. Wata biyar malamin unguwa yana zuwa yana yi mata nasiha, da ƙyar ta bar ajiye tuwon.

Sule ya bar matarsa da ciki. Ta haifi namiji. Inna ta aiko Kankia cewa a zo a yi kiɗa ranar suna, gidan makaɗa ba ya suna shiru. Lawal bai taɓa jita ba tun hatsarin. Ya ɗauka, ya kaɗa kaɗan, ya ajiye.

"Mamman, ba zan iya ba. Kamar ina magana a ɗakin da ba kowa."

Ni na kawo shawarar. Na ji labarin wani ƙaramin akwati da ake takawa da ƙafa, ana ce masa koras. Aikinsa shi ne ya karɓi sautin jita, ya yi masa na biyu, ya jinkirta na biyun kamar ƙiftawar ido, ya ɗan karkaɗa shi sama da ƙasa, sannan ya haɗa su. Mutum ɗaya na kaɗawa, ka ji kamar biyu.

Ana gobe suna muka tafi Kano. Mai shago ya jera mana guda uku. Na farko karkarwarsa ta yi yawa, kamar mai waƙa a cikin rijiya. Na biyu daɗi gare shi, amma da na sa Lawal ya ɗauke hannu, sai na ji yana huci. Ku riƙe wannan: koras a shirunsa ake gane shi. Na ukun ƙarfe ne mai nauyi, ba ya huci, kuma in an kashe shi jitar na komawa yadda take. Shi na zaɓa. Maɓallin murɗawa biyu gare shi. Ɗaya na gudu, wato saurin karkarwar. Ɗaya na zurfi, wato nisan da sauti na biyu ke kaucewa.

Ka'idar aiki ita ce a gwada sabon kaya a gida, ƙungiya duka tana ji. Ban yi ba. Mun dawo a gajiye, da safe muka wuce Kusada.

A ƙofar gidan na daidaita shi. Na rage lasifika sosai, na kara kunnena a jikinta, Lawal na ɗan kaɗawa yana gaisawa da mutane. Rubutun da ke jikin akwatin ban iya karanta shi ba. Na rage gudu. Na ƙara zurfi, na sake ragewa. Na yi ta murɗawa har kunnena ya ce yauwa. Ban tambayi kaina me ya sa ya ce yauwa ba.

Bayan la'asar aka fara. Rana tar, maza a kan tabarmi, mata a zaure da bayan katanga. Lawal ya fara da akwatin a kashe. Da ya kai tsakiya na ɗaga masa kai, ya taka.

Jita ta biyu ta shigo. A baya kaɗan. Ba daidai cif ba.

Ba cewa na yi ta yi kama da Sule ba. Sule ne. Mai babbar ganga hannunsa ya tsaya a sama. Guɗar mata ta yanke. Lawal ya waiwaya hagu, inda ƙanensa ke zama. Benci ne ba kowa. Ya rufe ido ya ci gaba, gumi na zuba daga haɓarsa. Gashin jikina ya miƙe, alhali ni na haɗa wayar da hannuna.

Ya kai ƙarshe. Aka yi tsit.

Tin, tin.

Sai ga Inna ta fito daga zaure, ba sanda, ba mai ja. Ta ratsa tabarmi ta nufi bencin hagu kai tsaye, kamar mai gani. Ta shafa shi daga wannan kai zuwa wancan.

"Sule? Ɗan nema, ina ka shige wata biyar?" Ta sake shafawa. "Lawal, ina kuka ɓoye mani shi? Ku gaya ma malam, ai na faɗa."

Na ji wani daga baya yana cewa kurwar mamaci muka kulle a ƙarfe. Wasu suka fara jawo takalmansu za su tafi. Malamin ya dube ni. Na gane. Abin da ya yi wata biyar yana ginawa na rushe shi da taku ɗaya. In matar nan ta koma ɗaki a haka, tuwon nan za ta ajiye har ta mutu.

Na ja ƙafata na je na durƙusa a gabanta.

"Inna, Mamman ne."

"Mamman, kai ma da kai aka yi mani ƙarya?"

"Ba Sule ba ne. A gabana aka ɗauke shi daga ƙarƙashin mota. Kawo hannunki."

Na ɗora tafin hannunta a kan akwatin. Na ce wa Lawal kaɗa. Ya kaɗa, jita ɗaya. Na danna da hannunta, suka zama biyu. Na sake dannawa, ɗaya. Na sakar mata. Ta yi ta dannawa da kanta, sau nawa ban sani ba. Sannan na kai yatsunta kan maɓallin zurfi, muka murɗe shi har ƙarshe. Sautin ya lalace, ya zama kamar na maye. Babu Sule a ciki.

Ta janye hannunta.

"Ƙarfe bai san ɗana ba," ta ce. "Wa ya koya mashi jan ƙafar nan tashi?"

"Ni ne, Inna. Kunnena ya neme shi, ban sani ba."

"To ƙwanƙwasar ƙarshe fa?"

Lawal ne ya ce, "Ni ne, Inna. Hannuna ya saba ji."

Ta zauna a kan bencin. Kafaɗunta suka fara rawa. Kukan da ba ta yi ba wata biyar ta yi shi a nan, gaban maza, ba wanda ya hana ta. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi.

"Ku kashe abin nan. Ku bar ɗana ya kwanta." Ta juya wajen zaure. "Ku kawo mani Audi."

Audi ake kiran yaron da aka haifa bayan rasuwar ubansa. Tun ranar haihuwa ta hana kowa faɗin sunan a gidan. Aka miƙo mata shi. Malamin ya ɗaga hannu, aka yi wa Sule addu'a, ta ce amin da ƙarfi.

Muka kwashe kaya kafin magariba. A bayan mota, mun kusa Kankia, Lawal ya matso kusa da ni.

"Ƙwanƙwasar nan, akwatinka ne ya yi ta, ko?"

"Koras ba ya ƙara abin da ba a kaɗa ba. Ba kai ba ne?"

"Na riga na ɗauke hannu."

Ba mu sake tada maganar ba har ya rasu. Kada ku tambaye ni. Abin da na ji na faɗa.

Lawal ya dawo kiɗa. Mun yi shekaru muna amfani da akwatin, kuma ya yi mana aiki: gudu kaɗan, zurfi kaɗan, a taka shi inda kiɗa ke buƙatar cika, a kashe shi inda ba ya buƙata. Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai waya ba da hannu yake murɗawa ba, da abin da kunnensa ya saba yake yi. In ka ji sauti ya yi maka daɗi farat ɗaya, tsaya ka tambayi kanka wa ka tuna. Kuma ka san waɗanda ke bayan katanga kafin ka ƙara murya.

Washegari na samo jan fenti na ɗiga a daidai inda maɓallan biyu suka tsaya a ranar. Ba don in tuna wurin ba. Don kada hannuna ya sake kai su can.