Na Sa Gonar Gadonmu a Durowa

Edita, a lokacin da wannan abu ya fara ni babban ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya a nan Abuja, saura mini 'yan shekaru in yi ritaya. Ina zaune a Dutse Alhaji da iyalina, kullum da safe in ratsa cunkoson hanyar Bwari in je in zauna a bayan tulin fayil. Ina ji da kaina ƙwarai wajen sanin gwamnati. Na ga takardun da aka rubuta wa gaggawa da jan biro sun shekara goma a kan kabad har gara ta ci rabinsu. Don haka duk wanda ya zo mini a firgice da wata sanarwar hukuma dariya nake yi masa, in ce ya je ya sha ruwa ya huta, takarda ce kawai. Wannan sanin nawa shi ya kai ni inda nake a yau.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayata. Ya bar mana gona ɗaya a ƙauyenmu a ƙasar Funtuwa, kuma ita da mijinta suke noma ta, don ni rabona da fartanya tun ina sakandare. Ni na dame ta da cewa a sayar, a haɗa da abin da na tara, a sayi wadda ta ninka ta girma kusa da Yangoji. Na ce mata ƙasar Abuja gaba take yi kullum, 'ya'yanmu za su yi mana addu'a. Ta daɗe tana ja. Daga ƙarshe ta ce ni ne namiji, ni ne mai boko, in yi abin da na ga ya dace. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ƙulle mini irin dawa kaura da mahaifinmu yake shukawa a cikin tsohon zanenta, ta ce in shuka a can, ko ba komai gonar ta ci gaba da zama tasa.

Filin ya yi kyau, ga rafi a gindinsa, ga tudu mai kurmi a bayansa. A hannun mai unguwa na saya, ya ba ni takarda da hatimi da sa hannun shaidu. Na san sarai ƙasar birnin tarayya a hannun gwamnati take, takardar ƙauye ba ta kai ta kawo ba, amma rabin mutanen ofishinmu irinta gare su kuma suna barcinsu lafiya. Maƙwabcina a gonar wani dattijo ne ɗan ƙabilar Gbagyi, manomin doya. Ranar da ya ga motar bulo ta sauke kaya, ya zo ya gaishe ni da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce kada in ja katanga har bakin rafi. Ya ce da rani gada da birai da zabin daji ta nan suke gangarowa daga kurmin tudu su sha ruwa su wuce ɗaya dajin, tun kakanninsu a buɗe suke barin wurin. Na yi masa dariya, na ce Baba, a Abuja filin da ba shi da katanga ba shi da mai shi. Na ja katangata har bakin ruwa, na gina ɗaki ɗaya da rumfa. Ƙullin irin kuwa na ajiye a ɗakin, na ce sai baɗi, na zuba masara saboda ta fi saurin kasuwa. Baɗin ta zo na sake cewa baɗi.

Wata Asabar dattijon nan ya tarye ni da takarda a hannu, ya ce an kawo wa mai unguwa an raba musu, in karanta masa tunda ni oga ne. Sanarwa ce cewa an keɓe tsirin ƙasar da ke bin rafin tsakanin dazuzzukan biyu ya zama hanyar namun daji. Duk mai noma a wurin ya je a rubuta sunansa cikin wasu makonni. Wanda aka rubuta zai ci gaba da nomansa, amma ba katanga ba gini, masu gini kuma su zo a zauna da su. Na karanta masa tiryan-tiryan, sannan na ƙara da nawa, cewa kada ya ɓata kuɗin mota, na san irin waɗannan takardun, ba inda za su. Ya yi godiya har da rusunawa. Ranar Litinin ya hau babur ya tafi aka rubuta shi. Ni kuwa na ninke tawa na jefa a durowar ofis, inda nake jefa na mutane.

Tunda gaskiya na zo faɗa, ba sanin gwamnati kaɗai ya hana ni zuwa ba. Ina tsoron in fito da takardar ƙauye a gaban hukuma a ce ba ta da amfani. Sannan ina jin kunyar wani abokin aiki ya gan ni a kan benci cikin manoma ina jiran layi. Shekara biyu ba a ji komai ba, har nakan zolayi dattijon in tambaye shi ko biran sun karɓi takardar mallakarsu. Sai wata rana na iso na tarar da ƙatuwar alamar rusau ta jan fenti a jikin katangata. Na zauna a kan bulo na daɗe ina kallonta.

Daga nan na san benci. Ofis-ofis na bi, da babbar rigata da katin aikina. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kuma wannan ya fi ciwo. Wani matashin jami'i, sa'an ɗana, ya ba ni kujera, ya duba littafinsa, ya ce yallaɓai an rufe rajista tuntuni, sunana ba ya ciki. Na rubuta koke, aka karɓa aka buga hatimi. Duk sanda na koma sai a ce ana duba lamarin, kalmar da ni ma na shekara talatin ina faɗa wa bayin Allah, kuma na fi kowa sanin ma'anarta. Lauya ya juya takardar mai unguwa gaba da baya, ya ce da na je a kan lokaci da aƙalla an san da ni, yanzu kuwa a idon doka ni mutum ne da ya yi gini a kan hanyar da aka keɓe. Katafila ta zo ranar wata Talata da hantsi. Sun bar ni na cire kwanon rufi. Dattijon yana tsaye a gefena har aka gama, bai tuna mini da komai ba, sai sannu da yake ta yi mini.

Ban gaya wa yayata ba. Kaka uku a jere ina zuwa kasuwar Kwali in sayi dawa in aika mata a mota in ce rabonta ne na amfanin gona. Ita kuma ta bugo waya ta sa mini albarka, in ajiye wayar in rasa inda zan sa kaina. Bara Allah ya yi wa mijinta rasuwa. Da ta fita takaba sai ta aiko cewa ba ta son zama a gidan kowa ta zame masa nauyi, in gyara mata ɗakin nan na gona, ta zo ta kiwata awakinta ta ƙarasa kwanakinta a gonar ubanta.

Na kama hanya na tafi gida. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake, na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, ban rage ko ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ai tun buhun farko ta gane ba kaurar mahaifinmu ba ce, amma ta ɗauka ƙasar Abuja ce ba ta karɓi irin ba, ta yi shiru don kada ta ba ni kunya. Ta ci gaba da tsintar wakenta na ɗan lokaci. Sannan ta ɗago ta ce to gona ta tafi, Allah ya so haka, amma in dawo mata da sauran irin, ta roƙi wani ya ba ta kunya biyu a gefen gonarsa ta shuka. Edita, na tsaya na cire kwanon rufi har da ƙusoshinsa, amma ƙullin nan ban ko tuna da shi ba. Yana cikin ɗakin katafila ta bi ta kai.

Nakan je wurin jifa-jifa. Ciyawa ta rufe ɓaraguzan bulon, da rani kuma ana ganin sawun gada a kai har bakin ruwa. Ba na jin haushin dabbobin, sun riga ni zuwa, kuma an gaya mini da baki an gaya mini a rubuce. Abin da na koya shi ne wata takardar takan yi barci ta farka, kuma ba ta tambayar matsayinka a ofis. Ina roƙon duk mai fili a gefen birnin nan, idan sanarwa ta zo ya je da ƙafarsa ya hau benci a rubuta shi, ko da yana ganin wasa ne. Wanda kuma aka damƙa wa amanar ɗan'uwa saboda an ce ya yi boko, ya ji tsoron Allah kada ya sa ta a durowa. Yayata yanzu tana ɗaki ɗaya a gidan surukinta. Har yau in na buga mata waya sai ta sa mini albarka, ni kuma har yau ban iya amsawa da amin ba.